Kawu da Layin Shiga Maiduguri

Mun tashi da asuba daga Kano, ana idar da salla muka nufi tasha, ni da Kawu Babba, yayan mahaifiyata. Masu ta tambayar inda na shige aka daina jin ɗuriyata, to Maiduguri na je, kuma ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Rakiya aka aike ni, ga kuma yadda ta kaya.

Kawunnaina biyu ne. Babban manomi ne a ƙauyenmu da ke gefen Gaya, ƙaramin kuma tela ne a unguwar Hausari cikin Maiduguri. Tun ina firamare ba sa ga-maciji. Abin da ya haɗa su, in ka ji sai ka riƙe baki: da aka raba gonar gado, layi biyu na shuka suka faɗo a kan iyaka, kowa ya ce nasa ne. Aka yi ta cacar baki har gaban dagaci, Kawu Babba ya faɗi irin maganar da ba a faɗa wa ɗan'uwa, ƙanin ya ɗaure keken ɗinkinsa ya yi gabas. Daga ranar bai ƙara taka ƙauyen ba, ko biki ko rasuwa. Layukan kuma suka zauna a hannun babban yana noma abinsa.

A daminar nan an katse waya a Borno, saboda haka da baki saƙon ya zo, ta hannun wani direban motar kifi: jikin Kawu Ƙarami ya yi tsanani, yana son ganin yayansa. Ta bakin direban nan aka mayar da amsa cewa muna tafe ranar Laraba. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ba jakarsa na aike ka ka riƙe ba, bakinsa za ka riƙe min. Ka kai shi su gana tun da sauran numfashi." Shi kuwa Kawu, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ba sulhu zai je nema ba, zai je ne ya ji abin da yaron zai ce. Yaron nan fa har jikoki gare shi.

A tasha na tarar kuɗin motar Maiduguri ya kusa ninka wanda na sani, kuma ba mai ciniki, don direbobin da suka yarda su bi hanyar ba su da yawa. Kawu ne kaɗai ya yi cinikin, ya kuma sha ƙasa. Daga nan ya koma kan 'yan kamasho da suka ce a sa jakarsa a but, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu, a cinyarsa za ta zauna. Tsohuwar jakar Makka ce, 'yar ƙarama amma da nauyin tsiya, ban san me ya cusa a ciki ba. Rigima biyu ke nan tun rana ba ta fito ba. Na ce a raina lallai Inna ta ɗora min aiki.

A motar akwai wani ɗan kasuwa Ibo mai shagon kayan gyaran mota a Maiduguri, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu, da wata tsohuwa Babarbariya da ƙamshin turaren wutanta ya cika motar, sai samari biyu da suka yi ta sharar barci. Direbanmu ma Babarbare ne, siriri, ba ya son yawan magana. Amma kafin ya tayar da mota sai da ya juyo ya yi mana huɗuba. Ya ce akwai shinge na ƙarshe a bakin Maiduguri da ake rufewa da yamma, wanda ya makara a waje zai kwana, don haka babu tsaye-tsaye. Ya ce in an zo shinge kowa ya sauka, ya ɗaga hannuwa, ya bi layi, ba gudu, ba taɓa waya, ba ɗaga murya. Ya dubi Kawu ya ce, "Baba, ka ji ko?" Kawu ya ce, "An gaya maka kurma ne ni?"

Daga Kano zuwa Azare tafiya ce irin wadda kowa ya sani. Kogin Wudil ya cika ya batse, gero ya kai gwiwa, ko'ina ka duba mutane ne sunkuye a gona. A Azare muka tsaya shan mai, na yi wuf na sayo mana ƙosai da koko a leda. Ƙosan Azare ba laifi, sai dai mai suyar ba ta tausaya wa barkono ba. Kawu ya ce waken bai ji surfe ba, amma bai rage ko guda ba.

Tun kafin Potiskum waya ta ɗauke, abin kuma ya fara sauya kama. Shinge ne bayan shinge, buhunan yashi da ganguna da gungumen itace a gicciye. Motoci su yi layinsu, mu mu sauka mu yi namu, maza daban mata daban, hannuwa sama, mu wuce a ƙafa mu jira mota can gaba. Ruwan leda ma, kana ƙara yin gabas yana ƙara tsada yana ƙara ɗumi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tazarar da mutane ke bari a tsakaninsu. Mu a Kano manne ake bin layi, ƙirjinka a bayan na gabanka, don kada wani ya samu kafar shiga. Nan kuwa kowa ya bar wa na gabansa fili sai ka ce suna jin warin juna. Ibon nan ya ga ina kalle-kalle, ya ce min a hankali, "Malam, a nan ba a son cunkoso. Inda mutane suka taru, nan abin yake tashi." Bai faɗi sunan abin ba, ni ma ban tambaya ba. Na kuma lura duk tsawon hanyar ba mai kiran sunan waɗanda ake tsoro, "yaran nan" kawai ake cewa, shi ma murya ƙasa-ƙasa.

Ni malamin Turanci ne a sakandare, tsayuwar layi kuwa takan sa mutum tunane-tunanen banza. Da muka koma mota sai na ba su labarin wata 'yar kalma da nake fama da ɗalibai a kanta kowace shekara, wato row, wadda Turawa ke rubutawa iri ɗaya ko jeri suke nufi ko rigima, a furuci kawai suke bambanta su. Yara sukan tambaye ni me ya haɗa jeri da faɗa, in ce musu babu komai, rubutun ne ya zo ɗaya. Ibon ya ce shi tun da yake jin Turanci a kasuwa bai taɓa jin wanda ya yi amfani da ita a kan rigima ba. Kawu ya ce duk wanda ya ƙirƙiro ta, to ya taɓa bin layin taki. Har direba sai da ya murmusa.

A Damaturu muka haɗa azahar da la'asar a gurguje muka wuce. Daga nan hira ta mutu. Garuruwan bakin hanya sun zama kufai, shaguna a ƙone, ajujuwa ba rufi, ƙarafunan tireloli a yashe a gefen kwalta ciyawa ta fara fitowa ta cikinsu. Direba ya taka mota iya takawa, ba wanda ya ce masa ya rage. Gonaki kuwa, iya ganin idonka, ga su nan sun sha ruwa sun ƙoshi, ba shuka ba manomi. Kawu ya daɗe yana kallo ta taga, sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ƙasa mai kyau. Dubi, ba mai ko kartar ta." Tsohuwar nan ta ce tasu gonar ma haka take, da shuka a ciki suka baro ta. Kawu ya ƙara rungume jakarsa.

Mun iso shingen ƙarshe rana ta yi sanyi amma da sauranta. Layin motoci dogo ne, sai dai yana motsi, har ana hango kawunan bishiyoyin dogon yaro na cikin gari. Direba ya duba sama ya ce, "In Allah ya yarda mun shiga." Muka sauka muka bi layin maza, Kawu na gabana, jaka rataye a wuya, hannuwa sama. Ya ma bar tazara kamar yadda ya ga ana yi, duk da na san ransa bai so ba. Sai ga wani matashi cikin farar shadda ya ɓullo ta gefe, ya zo ya shige cikin tazarar nan ya tsaya abinsa. Gaskiya dai shigar layi ya yi, ba ƙazafi. Kafin in sauke hannu in kamo Kawu, tuni ya cafki wuyan rigar mutumin, ya ɗaga muryar nan da yake kiran 'yan ƙwadago da ita daga ƙarshen gona: "Kai ɗan gidan uban waye? Mu da muke tsaye itatuwa ne?"

A Kano in aka yi haka, kan ka ce kwabo mutane sun kewaye ku, wasu na ba da haƙuri, wasu na zuga, wasu kallo kawai ya kawo su. Abin da Kawu yake jira ke nan, shaidu. Nan kuwa sai layin ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wasu suka kwanta a ƙasa, mata suka fizgi yara suka yi gefen titi, kuma ba wanda ya yi ko ihu. Kafin ƙiftawar ido fili ya buɗe, saura Kawu da mutumin da ni, ga bakin bindigogi sun juyo kanmu. Ba ma fuskar Kawu ake kallo ba, jakar da ke wuyansa ake kallo. Wallahi tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Aka ce ya ajiye jakar, mu ja baya mu durƙusa. Aka fitar da motarmu daga layi, aka ce a sauke komai da komai. Wani jami'i ya tsaya daga nesa ya ce Kawu ya buɗe jakar da hannunsa. Ya buɗe. Riga da wando ne, da carbi, sai wani ƙullin buhu. Aka ce ya kwance ya zazzage a kan rigar. Gero ne, sussukakke, an sheƙe shi tas. Jami'in ya matso ya motsa shi da sanda ya ce, "Baba, an ce maka babu gero a Maiduguri ne?" Kawu ya amsa da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, ya ce, "Na ƙanina ne. Na gonarsa ne." A nan na gane geron layukan nan biyu ne, na bara, ya ware shi daban. Mutumin da ya cika gari da cewa ba sulhu zai je nema ba ke nan.

Ba a dake mu ba, ba a zage mu ba, bincike ne kawai, amma bincike cin lokaci gare shi. Mai farar shadda ba shi da kaya, tuni aka sallame shi ya shige. Mu kuwa kafin a gama da katan-katan ɗin Ibon da ƙullin tsohuwa a mayar da su but, an ja shinge. Tsohuwar ta yi wata doguwar magana da Barbarci, ban nemi fassara ba. Ibon ne ya dafa Kawu ya ce, "Baba, kai ne da gaskiya. Amma ga inda gaskiyar ta kwanar da mu."

Muka juya wani ɗan gari da ke baya kaɗan, muka samu barandar masallaci tare da direbobin tirela. Mai shayin wurin ya san ba mu da zaɓi, kuma farashinsa ya nuna ya sani. Kawu ko kofin bai taɓa ba. Ya shimfiɗa rigar nan ya zauna yana tsince tsakuwa daga geron har duhu ya hana shi gani. Kwanan kuwa ba sai na ba da labarinsa ba, sauro da fargaba ne suka raba shi a tsakaninsu.

Da hantsi aka buɗe shinge muka shiga. Na zaci zan tarar da gari a mace, sai na tarar da shi yana harkarsa. Tituna masu faɗi, inuwar dogon yaro hagu da dama, mata cikin lafaya suna tafe a natse, ƙamshin turaren wuta na karo da na kifi banda. Babu babur ko ɗaya, an hana, keke mai ƙafa uku ne ko'ina. A bakin kowane lungu akwai samarin unguwa da gora a hannu suna leƙa keke suna tambayar inda za a. Gaisuwa kuwa doguwa ce, "wushe, wushe" har sai ka gaji. Muka ɗauki keke zuwa Hausari, tsohuwar unguwa mai ƙananan shaguna manne da juna, nan tela, nan mai ɗinkin hula, nan mai gyaran rediyo. Na tambayi wani mai shago gidan tela mutumin Gaya. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya nuna mana lungu da hannu.

Muna shan kwana muka gan su. Maza ne a tsaye sahu-sahu a ƙofar gida cikin rana, ga makara a gaba an lulluɓe. Da asuba Kawu Ƙarami ya rasu.

Wani dattijo Babarbare, maƙwabcinsa, ya fito daga sahu ya tare mu ya ce, "Kai ne yayan? Lale. Kai muke jira." Ya kama hannun Kawu ya ratsa da shi har sahun gaba. A bayan liman akwai gurbin mutum ɗaya da aka bari ba kowa, nan ya tsayar da shi. Sai a lokacin aka tayar da kabbara. Daga baya na ji cewa tun da sassafe aka gama wanka da likkafani. A garin nan kuma, a irin wannan lokaci, ba a barin taro ya daɗe, ana sallatar gawa ne a gaggauce kowa ya kama gabansa. Samarin unguwa sun zo sun roƙa a hanzarta, dattijon nan ya ce ba inda za a sai baƙon Kano ya iso, mutane kuma suka tsaya.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka shigar da mu cikin gida. Matar mamacin ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Yaya, jiya tun azahar yake cewa a leƙa ƙofa. Da magariba ta yi na ce masa wataƙila hanya ce ba kyau. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ba hanya ba ce, Yaya ne, ya tsaya rigima da wani. Ya ce za ka zo, in ya riga ka kada a ɗauke shi sai ka iso."

Kawu ya ce, "Ni ya kira Yaya, da bakinsa?" Ta ce, "Yaya ya ce." Sai ya tura jakar nan ta ƙarƙashin labule, ya tashi ya fita. Ni dai na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Mun zauna har sadakar uku. Maƙwabta suka yi ta shigo da abinci, burabisko da miyar yakuwa da kifi, wanda ban taɓa cin irinsa ba, da shayi mai kauri da ba ya yankewa. Masu ta'aziyya ba sa zama, su yi addu'a su tashi, wasu su shigo. Tun kafin magariba unguwa ke yin tsit saboda dokar hana fita. Na leƙa kasuwa sau ɗaya, aka laluba ni a ƙofa har cikin hula, na sayo wa Inna turaren wuta. Ranar sadaka aka daka geron nan aka yi gumba aka raba wa mutane. Bai ma isa kowa ba. An miƙo wa Kawu, ya karɓa ya riƙe a hannu, ban ga ya ci ba.

A hanyar dawowa, a shingen nan dai, muna cikin layi hannuwa sama sai wani ya zo ya shige gaban Kawu. Na matsa zan riƙe shi. Sai na ga ya ja da baya ya ƙara wa mutumin fili. Ya ce min, ba tare da ya juyo ba, "Bar shi ya wuce. Wataƙila akwai mai jiransa."

Waya ta dawo a wajajen Azare, na kira gida na faɗi rasuwar. Da muka isa, bayan an yi gaisuwa an yi addu'a, Inna ta dube ni ta ce, "Laraba kuka tashi. Me ya makarar da ku?" Na fara lissafa mata shingaye da bincike, Kawu ya katse ni ya ce, "Ni ne." Inna ta dube shi, ni kuwa ba ta tuhume ni da aikin da ta ba ni ba.

Mai shirin bin hanyar nan, ga abin da na koyo. Ka tashi da wuri, ka ji maganar direba, ka bar tazara a layi, ka bar muryarka a gida. Abin da muka ɗauka tsayawa kan haƙƙi ne a Kano, a can yana iya kwanar da mota guda a waje, ko abin da ya fi haka. Na kuma ga mutanen da hayaniyar mutum ɗaya ke tarwatsawa sun tsaya a rana, a sahu, suna jiran wanda ba su taɓa gani ba, don kawai maƙwabcinsu ya roƙa.

Washegari na mayar da Kawu ƙauye. Kafin in juyo ya ce in zo in raka shi gona, ya kai ni har kan iyaka ya nuna min layukan nan biyu. Duk tsawon shekarun nan ina jin labarinsu, ban taɓa tsayawa na dube su ba. Geron ya yi kyau. Tsawonsu bai kai rabin layin da muka tsaya a bakin Maiduguri ba.